Yadda za ka riƙe waya ba tare da ta cinye maka natsuwa ba

Akwai wata irin gajiya da ba ta aiki ba ce, ba ka ɗau kaya ba, ba ka je ko'ina ba, kana kwance ne kawai da waya a hannu tun bayan isha'i, amma lokacin da za ka ajiye ta sai ka ji ƙirjinka a cushe, ranka a ɓace, kuma ka rasa wa ya ɓata maka. Matasa da yawa a cikin wannan halin suke, maza da mata, ɗalibai da masu bautar ƙasa da waɗanda suka gama suna jiran aiki, kuma abun da ke damuna shi ne yawancinsu kansu suke zargi, su ce ai ni ne ba ni da ƙarfin hali, ni ce ba ni da godiyar Allah. To ɗan'uwa, 'yar'uwa, kafin mu shiga yadda za a yi, fara sauke wannan zargin tukuna, saboda abun da ke hannunka da gangan aka gina shi don ya riƙe ka.

Ba ni na faɗa ba, waɗanda suka gina manhajojin nan su da kansu suka faɗa. Sean Parker, wanda shi ne shugaban kamfanin Facebook na farko, a 2017 ya fito ya ce tun farko tunaninsu shi ne yadda za su cinye lokaci da hankalin mutum iya yadda zai yiwu, kuma sun san wani rauni ne na ɗabi'ar ɗan Adam suke amfani da shi, wato son a yaba maka. Aza Raskin, wanda ya ƙirƙiro tsarin nan da kake ta jan shafi sama ba ya ƙarewa, daga baya ya nuna nadamarsa a fili. Dabarar ma tsohuwa ce, wani masanin halayya ɗan Amurka B.F. Skinner ya gwada ta da tattabaru tun da daɗewa, ya ga idan tsuntsu bai san sanda hatsi zai faɗo ba, wani lokaci ya samu wani lokaci babu, ya fi nacewa da saran maɓallin fiye da idan kullum yana samu. Haka kake buɗe TikTok, bidiyo biyar shirme, na shida ya ba ka dariya, sai ka ce bari in ƙara ɗaya. Sannan a 2014 aka wallafa wani gwaji da Facebook ta yi a kan mutum kusan 689,000 ba da saninsu ba, aka rage wa wasu rubuce-rubucen farin ciki, wasu aka rage musu na baƙin ciki, sai abun da su ma suke rubutawa ya ɗan karkata ya bi abun da aka nuna musu. Tasirin ƙarami ne amma ya nuna cewa abun da kake gani yana taɓa yanayinka ko ba ka lura ba. Shi ya sa niyya kaɗai ba ta isa, ka ce daga gobe na rage, gobe ta zo ka koma. Wayar za ka sake wa tsari, da inda take kwana, da waɗanda kake bari su shigo idonka.

Fara da sanin gaskiyar lamarin. In Android ce da kai, Tecno ko Infinix ko Samsung ko Redmi, shiga saitin ka nemi Digital Wellbeing, in iPhone ce Screen Time, zai nuna maka awa nawa ka yi a kowace manhaja da sau nawa ka buɗe wayar. Kar ka canza komai a satin farko, duba kawai. Amma awannin ba su ne duka labarin ba, abun da ya fi muhimmanci shi ne duk sanda ka fito daga wata manhaja ka tsaya ka tambayi kanka yaya nake ji yanzu, na fi ɗazu sauƙi ko na fi nauyi. Za ka ga bambanci da kanka, awa ɗaya kana hira da yayarka da ke aure a Maraɗi ko abokinka da ke karatu a Sudan ko Indiya ba ɗaya ba ne da awa ɗaya kana leƙen istatus ɗin mutane shiru ba ka ce wa kowa komai ba. Na farkon zumunci ne, kar ka taɓa shi. Na biyun ne ke ci.

Idan ka gano manhajar da ke maka illa sai ka sa mata iyaka a nan cikin Digital Wellbeing ɗin, kuma kar ka yi zafin kai ka ce daga awa shida sai sifiri, ba zai ɗore ba, rage rabi tukuna. A 2018 a Jami'ar Pennsylvania an ɗauki ɗalibai 143, aka sa wasunsu su taƙaita Facebook da Instagram da Snapchat zuwa minti 10 kowanne a rana na tsawon sati uku, waɗanda suka rage ɗin sun samu raguwar kaɗaici da ƙuncin rai a kan waɗanda suka ci gaba yadda suka saba, musamman waɗanda dama suka shigo da damuwa. Ka lura ba cewa aka yi su goge ba, ragewa kawai suka yi.

Sai ƙararrawar saƙo. Kashe ta duka in ban da kira da saƙon mutane ƙalilan da ka san in sun neme ka da dalili, iyaye, miji ko mata, wurin aiki. Facebook ba ya buƙatar ya sanar da kai cewa wane ya sa hoto. Guruf-guruf na WhatsApp kuma, na 'yan ajinku na sakandare, na unguwa, na siyasa, na dangi wanda ba dama ka fita a ce ka yanke zumunci, duk ka sa su shiru ka tura su archive, ka ware lokaci ɗaya ko biyu a rana ka leƙa. Wallahi ba abun da zai wuce ka, in rasuwa aka yi ko haihuwa za a kira ka.

Akwai wani ƙaramin abu da nake ganin ya fi raba masoya da kwanciyar hankali fiye da yadda ake zato, shuɗin alamar nan mai nuna an karanta saƙo, da kuma layin da ke nuna yaushe mutum ya sauka. Ta tura saƙo ƙarfe tara, ya karanta bai amsa ba, ga shi kuma yana kan layi har sha biyu, shi kenan daren nan ba barci, da wa yake magana, me na yi masa, ko ya gaji da ni ne, alhali wataƙila karatun jarabawa ake turo masa a guruf ko kuma ya bar data a kunne barci ya ɗauke shi. Haka shi ma namijin yake yi, har da kirga mintuna. Shiga privacy a saitin WhatsApp ka kashe su duka biyun, in ka kashe naka kai ma ba za ka ga na wasu ba, kuma wannan ɗin shi ne maganin. In akwai abun da ke damunka game da mutum kira shi ka ji muryarsa, rubutu ba ya ɗauke da sautin murya, kalma ɗaya kamar "to" ana iya karanta ta da fuska goma.

Yanzu babbar matsalar, wadda ita ce ta fi yi wa mutanenmu illa a ganina, kwatanta kai da wasu. Ɗan Adam dama haka yake, tun 1954 Leon Festinger ya yi bayanin cewa mutum yana auna kansa ne da na kusa da shi. Da can na kusa da kai su ne 'yan layinku da 'yan ajinku, ka san gidansu, ka san ranar da ba su ɗora tukunya ba, ka san bashin da ke kansu. Yanzu kuwa kana kwance a ɗaki ba wuta, zafi ya ishe ka, aljihu ba ko sisi, cikin minti biyar ka ga lefe akwati goma sha biyu, ka ga kamu da dina a babban ɗakin taro a Abuja, ka ga sa'anka a gaban Ka'aba ya je Umara, wani ya ɗora makullin mota ya rubuta Alhamdulillah, wata ta samu tallafin karatu zuwa Ingila, wani ya ce kirifto ta fashe masa. Kowanne ranarsa mafi kyau ya ɗora, kai kuma ka haɗa su duka ka auna da ranarka ta yau da kullum, dole ka ga kamar kowa ya wuce an bar ka a tasha. Istatus ɗin mutum falon baƙi ne, ba mai kai baƙo ɗakin da ya tara tarkace. Wanda ya ci riba a kirifto ya ɗora, ɗari da suka yi asara sun yi shiru. Amaryar da kika ga ta sha kwalliya ba ki ga rigimar kuɗin kayan ɗaki da aka kwana ana yi ba.

Ga 'yan mata abun ya fi tsanani ta wajen jiki da fata. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida na kamfanin, a ciki har da binciken da su da kansu suka yi wanda ya nuna cewa a cikin 'yan mata matasa masu damuwa da surar jikinsu, kusan ɗaya cikin uku sun ce Instagram na ƙara musu wannan damuwar. A can ƙiba ce da rama, a nan wajenmu har da hasken fata, filta ta goge miki fuska ta ƙara miki haske ta rage hanci, kin saba ganin kanki haka har madubi ya fara ba ki haushi, daga nan sai man bilicin da haɗe-haɗen da ake tallatawa a shafukan nan guda, masu lalata fata, wasu ma har ƙoda suke taɓawa. 'Yar'uwa gwada ki yi wata guda ba ki ɗau hoto da filta ba, ko ba za ki ɗora ba, don idonki ya sake sabawa da fuskar da Allah ya ba ki.

Abun yi a aikace shi ne ka zauna rana guda ka bi jerin waɗanda kake bi ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda in ka ga abunsa sai ka ji ka raina kanka, cire shi, ko da bai yi maka laifin komai ba, ko da mutumin kirki ne. In ɗan'uwa ne ko ƙawa da cirewa za ta jawo magana, sa shi shiru, WhatsApp da Instagram da Facebook duk suna da wannan kuma ba za a sanar da shi ba. Wannan ba hassada ba ce, kare zuciya ne daga kaiwa ga hassadar. A TikTok in bidiyo ya fito irin wanda ba ka so danna ka riƙe ka zaɓi Not interested, kar ka tsaya kallo har ƙarshe kana tsaki, domin na'urar ba ta san tsaki ba, daƙiƙun da ka tsaya kawai take kirgawa ta ƙaro maka irinsa. A Instagram akwai inda za ka ɓoye adadin layik, naka da na wasu, kunna shi, musamman in kai mai ɗora hoto ne ka dawo kana dubawa duk bayan minti biyu ko ka goge in bai samu yadda kake so ba. Sannan ka cike gurbin da abun da zai amfane ka, masu koyar da sana'a, ɗinki, gyaran waya, girki, darasin turanci ko larabci, karatun malamin da ke sa ka ji natsuwa ba wanda ke sa ka ji kana son faɗa da wani ba. Hadisin nan da muka sani tun islamiyya, cewa a abun duniya ka dubi na ƙasa da kai kar ka dubi na sama don kar ka raina ni'imar Allah a kanka, manhajojin nan akasinsa suke yi maka dare da rana, to kai ne za ka gyara da hannunka.

Dare kuma shi ne inda aka fi yin ɓarna. Kamfanonin layi suna sayar da datar dare da araha, ga tsadar data tun ƙarin kashi 50 da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da shi a farkon 2025, sai yaro ya ce bari in jira sha biyu in sauke abubuwa, daga saukewa sai kallo, sai uku na dare, asuba ta wuce, lakcar ƙarfe takwas ana gyangyaɗi. Baligi yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 9, kuma rashin barci shi kaɗai ya isa ya kawo saurin fushi da mantuwa da faɗuwar gaba ba dalili, ko da ba abun da ka gani a wayar. Hasken fuskar waya yana jinkirta sinadarin da ke kawo barci, abun da kake kallo kuma yana hana ƙwaƙwalwa sauka. In dole sai ka yi amfani da datar dare, jera abun da za ka sauke, ka danna, ka kife wayar can nesa ka kwanta. Wurin caji ya bar gefen katifa, ko da wuta sai tsakar dare ake kawowa, jona ta a can ƙarshen ɗaki inda sai ka miƙe kafin ka kai gare ta, hakan ma zai taimaka maka tashi in alam ya buga. Akwai Bedtime mode da ke mayar da fuskar wayar fari da baƙi in lokacin da ka sa ya yi, za ka yi mamakin yadda TikTok ke rasa armashi in ba kala. Da safe kuma kar waya ta zama farkon abun da idonka zai gani, yi salla, yi azkar, karya, sannan.

Sai faɗan kwament. A nan ma ka sani cewa abun da ke tada hankali ya fi yawo, saboda shi ake tsayawa a kai a yi ta martani, shi ya sa rigimar malamai da ta 'yan siyasa da ta 'yan fim da gorin ƙabila ko jiha ba sa ƙarewa a shafinka. Ka shiga ka kare wani da bai san da zamanka ba, wani da ba ka taɓa gani ba ya zagi iyayenka, ka wuni da ɗacin rai, ka huce a kan ƙaninka a gida. In ka ji jininka ya hau rubuta amsar in kana so amma kar ka tura, ajiye wayar ka tashi ka yi alwala ko ka zaga, in ka dawo bayan awa ɗaya ka karanta, mafi yawan lokuta gogewa za ka yi. Ka kuma tuna ana ɗaukar hoton rubutu, abun da ka rubuta cikin fushi kana shekara 21 yana iya fitowa ranar neman aure ko neman aiki.

In kuma kai aka sa a gaba, ana maka habaici, ana yaɗa hotonki, an yi miki taron dangi a kwament, kar ki tsaya amsa ɗaya bayan ɗaya, abun da suke nema kenan. Ɗauki hoton komai ki ajiye a matsayin shaida, ki toshe su, ki kai ƙara a manhajar, ki rufe kwament, sannan ki faɗa wa wani babba da kika yarda da shi a ranar, kar ki kwana da shi ke kaɗai. Wanda ya fi muni shi ne mai barazanar zai saki hoto ko bidiyon sirri in ba a ba shi kuɗi ba ko ba a biya masa buƙata ba, kuma maza ma ana yi musu sosai. Abun ya yi yawan da a Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya ce ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya masu wannan aikin. Kar a biya, wanda ya karɓa sau ɗaya zai dawo. Kar a goge hirar. Laifi ne a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015 kuma ana kai ƙara wurin 'yan sanda. Na san kunya ce ke sa a yi shiru, amma faɗan da uwa ko yaya za su yi na kwana biyu ne, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan a zauna a hannun azzalumi.

Bidiyon gawarwaki da na harin 'yan bindiga da hatsarin mota da ake turowa guruf, kashe saukar da kai tsaye a saitin WhatsApp don kar su shigo maka ba shiri. Ba sai ka kalli jini ba kafin ka tausaya ko ka yi addu'a, karanta labarin a kafar da ka yarda da ita ya wadatar, kuma kar ka tura gaba, mamacin nan yana da uwa da 'ya'ya.

Masu sana'a a waya, masu sayar da atamfa da turare da takalma da masu tallan shafuka, na san za ku ce mu fa a nan muke ci. Gaskiya ne, ku ba ragewa kawai za ku yi ba, rabawa za ku yi. WhatsApp Business daban na gida daban, kowanne da layinsa, ku rubuta lokacin buɗewa da rufewa ku sa amsa ta atomatik, mai saye na gaskiya zai jira safiya. Ku ɗora kaya, ku amsa masu tambaya, ku fita, kar a fake da kasuwa a zarce kallon rayuwar mutane.

Kwanakin farko za ka ji ba daɗi, hannu zai riƙa kai kansa aljihu, za ka ji shiru ya yi yawa, wannan ba alamar wani abu ya lalace ba ne, sabo ne ke sakinka. Amma dole ka tanadi abun da zai maye gurbin, in ba haka ba za ka koma. Ƙwallon yamma, majalisa wadda ake hira ba wadda kowa ya sunkuyar da kai a waya ba, islamiyyar dare, zuwa gaida kaka, koyon aikin hannu wurin wani, taya Umma aiki a kicin ana taɗi. Ka samu aboki ɗaya ku yi tare, duk ranar Juma'a ku nuna wa juna awannin da waya ta kirga.

Wani lokacin kuma ba wayar ce asalin ciwon ba, masana kansu suna ta muhawara a kan wanne ke fara jawo wanne, domin mai damuwa ya fi fakewa a waya, wayar kuma ta ƙara masa. In ka rage, ka gyara barci, amma sati biyu ko fiye kana cikin ƙunci kusan kullum, abun da kake so da ya daina burge ka, abinci ba ya shiga ko barci ya gagara, kana jin ba ka da amfani, ko tunanin gara mutuwa ya fara zuwa, to wannan ya wuce gyaran saiti, ciwon damuwa ne kuma ana maganinsa. Ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne, addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, asibitocin koyarwa irin su Malam Aminu Kano da na ABU a Shika suna da sashen, ɗalibi kuma zai iya farawa daga asibitin makarantarsu a tura shi gaba. In tunanin cutar da kai ne ya zo, kar a jira sati biyun, a faɗa wa wani a gida yau, a tafi tare da shi, kuma in abokinka ne ya rubuta irin wannan maganar a istatus kar ka tura masa alamar kuka ka wuce, kira shi, in bai ɗauka ba ka je gidansu.